Rushe Kwamitin Leƙen Asirin Matafiya

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Doha, Dakta Badaruddeen. Malamanmu da dattawanmu. 'Yan'uwanmu na Zangon Kumasi. Iyayenmu mata da ke can baya kusa da kulolin abinci. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ni Injiniya Abdulbaqi, duk da cewa rabin zauren nan ba ya amsa sallamata. Takardar Malam Nurudeen ta ficewa daga ƙungiya tana kan teburin shugaba, ni ne kuma sanadinta, don haka na miƙe.

Da farko, ku san inda na samo wannan ɗanyen aiki. Shekara uku da suka wuce na karanta tarihin wani janar na Jamus, wanda ya shugabanci Jamusawan da ke leƙen asirin sojan Rasha a Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya ga ƙasarsa za ta sha kaye, sai ya zuba takardunsa a durom-durom na ƙarfe, ya binne a duwatsu, ya miƙa wuya ga Amurkawa, ya ce musu yana da hajar da suke nema. Maimakon kurkuku, sai suka ba shi ofis. Jama'a, mutumin nan ya burge ni, burgewar da ta hana ni gama littafin.

Abu na biyu, kun san halinmu. Duk wanda zai je gida, sai mun haɗa shi da saƙon abin da zai taho mana da shi: wannan kuka, wancan daddawa, wata man shanu a galan. Da mutane suka fara sulalewa ba sallama, sai na kafa kwamiti. Na sa ido a kasuwar Abu Hamour, don mai sayen katan na dabino matafiyi ne. Na sa ido a shagon aski na unguwar Bin Mahmud, don mai gyaran fuska ranar Talata ba don Doha yake yi ba. Kowa na buɗe masa fayil, na adana a firiza, ƙarƙashin kaji. Da aka yi zaɓe shugabanmu na da ya faɗi, washegari na kwaso fayilolin da ƙanƙararsu na kai wa Dakta, ya bar ni a kan muƙamina. Ranar har takuna ya canza.

Na uku, da na ƙarasa littafin makon jiya, sai na tarar ashe amintaccen jami'in janar ɗin Rashawa ya yi wa aiki kusan shekara goma. Nawa amintaccen kuwa Wasilatu ce, matata. Ita ke buga min rahoto, ita ke kiran mai tafiya ta ce, “Yalla, yi maza, sayi dabinonka a filin jirgi, maigidan ya baza mutane.” Gata can tana dariya, ban kuma da abin da zan iya yi mata.

Yanzu ga maganar da ta fi min nauyi. Malam Nurudeen ya ɓace mana kwana goma, ba dabino, ba aski. Na fusata. Ranar dawowarsa na ja mutum goma sha ɗaya muka tare shi a filin jirgi, na ɗaga jakarsa da yatsa biyu, na ji ta sakayau. A gaban Larabawa da Indiyawa na ɗaga murya na ce, “Malam, kilo arba'in da shida kamfanin jirgi ya ba ka, ina daddawar jama'a?”

Ya dube ni ya ce, “Injiniya, mahaifiyata ce ba lafiya. Na je, ta cika a hannuna. Na ji tsoron in faɗa muku, ku haɗa ni da saƙo.”

Jama'a, gaskiyarsa ce, da mun haɗa shi. Ɗan'uwanmu Sherif da ya je jinyar babansa a Kumasi, da galan biyu muka sa ya dawo. Mun mai da juna jakunan dako, har mutum ya gwammace ya yi kukan uwarsa shi kaɗai a jirgi da ya kira ɗayanmu. Na ji kunya, har yau ina jin ta.

Saboda haka, daga wannan zama na rushe kwamitin, khalas, magana ta ƙare. Mai son kuka ya jira hutunsa. Mai tafiya ya yi sallama, mu raka shi da addu'a hannu rabbana.

Malam Nurudeen, fayil ɗinka shafi goma sha huɗu ne. Akwai lambar takalminka a ciki, akwai ranar da kake aski, babu sunan mahaifiyarka, don ban taɓa tambaya ba. Ina roƙonka ka yafe min, ka ɗauke takardarka daga teburin nan, ka faɗa mana sunanta, mu yi maka ta'aziyyar da muka makara da ita mako uku.

Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ɗanta haƙurin rashinta da haƙurin zama da mu. Allah Ya mai da kowa gida lafiya, Ya sa a yi murnar ganinsa, ba ta ganin jakarsa ba.

Na gode.