Baƙon da Ɗalibai Suka Gayyato daga Tiga

A tashar Tudun Wada na ji wata tsohuwa ta tare wani ɗalibin kwalejin mishan.

"Kai, ɗan nan! Ku ne masu shela a lasifika wai maigidana zai yi muku jawabi?"

"Wane ne maigidan naki, Iya?"

"Ni zan kama sunansa? Masuncin nan da kuke ta ambata!"

"Au, Malam Mujitaba. Ƙungiyarmu ce ta gayyato shi, ya ba mu labarin garuruwan da ruwan madatsar Tiga ya cinye."

"Ƙarya kuke! Mutumin da ya nutse tun ina da ƙuruciya? Ku cire sunansa, ko mu haɗu gaban dagaci."

"Iya, ai bara ma ya zo. Ni na ba shi kujera, da ya tashi duk ta jiƙe. Har ya ce in mun ga uwar Badiyya, mu gaya mata yarinyar ta daina kuka."

"Uwar wa?"

"Badiyya."

"Ko suna ba a yi ba muka binne jaririyar nan a tsohon garinmu da ruwan ya cinye. Daga ni sai shi muka san sunan."

"To, ki tambaye shi da kanki. Shi nake jira. Ga motar Tiga can tana shigowa."