Sandar Ƙanena Gaban Alƙali

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara ma muryarka daɗi. Ni ne Mamman daga Afala, kuma yau gidanmu murna muke, don ƙanena Ila ya hito kaso, wato gidan yari.

Shekarun baya ne gardamar shayar da awaki ta haɗa shi da maƙwabcinmu a bakin rijiya. Zuciya ta ɗebe shi, ya buga mai sanda guda, ajali ya sauka. Allah shi jiƙan mamaci. Jandarmomi sunka kai Ila Tawa, innarmu ta hidda rai, don mu a saninmu wanda ya kashe, kashe shi ake.

Ashe a doka kisa iri-iri ne. Tafintan kotu ya bayyana muna cewa wanda ya shirya kisa tun daga gida hukuncinshi ya fi tsanani. Wanda ya yi duka ba da nufin kisa ba, kaso ne nashi.

Sai alƙali ya tambayi Ila: “Don mamacin ka ɗauko sandar nan daga gida?”

Kawunmu Idi, wanda ya zo shaida, ya ce: “Ranka shi daɗe, leƙa ƙofa.” Ga sandunan mutanen garinmu jibge inda mai gadi ya karɓe su. Kawu ya ƙara da cewa: “Ba'adare irinmu ko gaisuwar surukai za shi, da sanda yake tahiya.”

Alƙali ya gamsu ba shirya kisan ya yi ba, ya yanke mai kaso. Haka Ila ya tsira da wuyanshi.

Ina gaida dangin mamaci da sunka yafe muna. Masu sauraro, ku ba mu shawara: Ila ya rantse shi da sanda har abada, ga shi awakinshi sun fara raina shi.