Wanke Sunan Aina'u a Ranar da Sama'ilu Ya Ajiye Linzami

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Muhammadu Sani. Mai girma Dagacin Tudun Gawo, ranka ya daɗe. Malam Liman da sauran malamanmu. Alhaji Kashim, mai bargar da gwaninmu ya shafe shekara ashirin da shida yana hawan dawakinta. Masu dawaki da mahaya da kuka taso daga Bici, da Kunci, da Rijiyar Zaki, da cikin birni. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, waɗanda nake da magana ta musamman da su yau. Dattawa da matasa, manoma da 'yan kasuwa, jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina godiya ga waɗanda suka baro sussuka da ɗaurin harawa suka zo, domin na san abin da yini guda yake nufi ga manomi a wannan lokaci na kaka. Ina kuma godiya ga kwamitin da ya ba ni lasifika, ko da yake ina zaton kafin in zauna za su yi da-na-sani.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ridwan, malamin makaranta ne ni, kuma ƙane nake ga Aina'u, matar Sama'ilu, wannan siririn bawan Allah da muka taru domin karrama shi ranar da ya ajiye sukuwa. Tun da ƙanen mata nake, al'ada ta ba ni izinin tsokanarsa, kuma ba ni da niyyar barin wannan izini ya tafi a banza. Amma ku sani tun yanzu, ba tsokana kaɗai ta kawo ni ba. Shekara ashirin da biyu ke nan ana kiran yayata da sunan da ba nata ba a garin nan, ana ce mata Cokalin Shayi, wai da shi take auna wa mijinta tuwo. Na zo in cire mata wannan suna a gaban waɗanda suka laƙaba mata shi.

Magana ta farko, wane ne Sama'ilu?

Mu da muka tashi tare mun san bai fara da doki ba, da jaki ya fara. Jakin mahaifinsa ne na kai taki gona, wanda duk garin nan aka yi ittifaƙin ba ya sauri ko da wuta ce ta biyo shi. Sama'ilu kaɗai yake hawansa ya dawo daga gona a guje ta burtali, mangala tana kaɗawa, masu gonakin gefe suna ɗaga masa fartanya suna rantsuwar za su kai ƙara. A nan Alhaji Kashim ya gan shi, ya ce wanda ya iya sa wannan jaki gudu bai kamata a bar shi a kan jaki ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ga shi nan ma an jere a kan tebur. Kofi goma sha bakwai, daga Kano, daga Katsina, daga Zariya, daga Sakkwato, har da guda biyu daga Maraɗi. Ya karye a kafaɗa sau biyu, ya karye a ƙafa sau ɗaya, kuma duk lokacin da mai ɗori ya kwance kara, tambayarsa ta farko ita ce yaushe za a sake sukuwa. Mahayan da ke nan za su shaida cewa da wuya ka ga ya ɗaga bulala. Yakan kwanta a wuyan doki ya bar kowa ya wuce, har mu 'yan kallo mu fara haɗa takalmanmu, sai an zo kwanar ƙarshe ya raɗa wa dokin wani abu a kunne. Na tambaye shi abin da yake faɗa ya fi sau ɗari. Ya ce tsakaninsa da doki ne. Mutumin da a majalisa sai ka yi da gaske kafin ka ji kalma biyar daga bakinsa, ashe hirarsa duk ya tara wa dabba.

Magana ta biyu, sikeli.

Iyayenmu mata, a nan nake roƙon ku ba ni kunnuwanku. Kafin mahayi ya hau doki a babbar gasa, sai an ɗora shi a sikeli shi da sirdinsa, kamar yadda ake ɗora buhun gyaɗa. Akwai nauyin da aka yanka wa kowane doki, kuma duk kilo ɗaya da ya ƙaru, dokin ne zai biya shi da numfashinsa. Saboda haka ramar da kuke gani a jikin Sama'ilu ba yunwa ba ce, kayan aiki ce. Yadda manomi yake wasa fartanyarsa, haka mahayi yake tsare cikinsa.

To, shekara ashirin da biyu da suka wuce, Aina'u ta zo gida haihuwar fari, ta zauna wankan jego wajen mahaifiyarmu, Inna Amsa. A daidai lokacin ne Alhaji Kashim ya sayo wani ingarma ɗan Sudan mai suna Sai Wata Rana, ya kuma ce Sama'ilu ne zai hau shi a babban kofin ƙarshen shekara a Kano. Wannan ita ce babbar dama ta farko a rayuwarsa, kuma saura mako biyar.

Ranar suna Sama'ilu ya shigo gaida surukarsa, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Inna ta leƙo ta dube shi sau ɗaya. Da ya fita sai ta kira ni ta ce: "Ridwan, wannan shi ne za a nuna a ce surukina ne? Iska ta taso ai sai a Kunci za a tsinto shi."

Kun san asalin gidanmu daga Barno yake, kuma kun san mutanen Barno ba sa wasa da tukunya. Washegari aka fara. Da safe sinasir, da yamma burabusko da miyar yakuwa, man shanu yana iyo a kai. Ni ina karatu a kwalejin Bici lokacin, ina da keke, sai aka ɗora mini aikin kaiwa, tare da umarnin kada in taso sai na ga gindin kwano da idona.

Jama'a, ku sa kanku a matsayinsa. Zai aika wa surukarsa cewa ba ya cin abincinta? Da wane bakin? Zai bayar a maƙwabta? A Tudun Gawo, inda katangar wannan take jingine da ta wancan, inda in ka yi atishawa a gabas za a yi maka addu'a a yamma? Kafin kwanon ya huce labari ya isa kunnen Inna. Sai ya zauna ya ci, ya ci yana gumi, ya ci yana kallona kamar mai neman ceto. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na taimaka masa iyakar ƙoƙarina, amma ta ɓangaren naman kawai. In ya gama sai ya zura rigar ruwa da tsakar rana ya kama gudu a burtali har hanyar Kunci ya dawo. Sai dai gudun mutum ɗaya ba ya cin man shanun Inna Amsa.

Ranar gasa ya hau sikeli. Ana neman kilo hamsin da biyu, allura ta wuce ta tsaya a hamsin da bakwai. Mai awo ya ce ya sauka ya sake hawa, ya sauka ya sake hawa, allura ba ta canza ra'ayi ba. Dole Alhaji Kashim ya ba wani mahayi dokin. Sai Wata Rana ya ci kofin da tazarar da ko gurgu ne a kansa zai ci, Sama'ilu yana tsaye a bakin shinge riƙe da hular da bai sa ba. Yanzu muna dariya, amma ni da nake kusa da shi na ga hawaye a idonsa, kuma ban sake ganin irinsu ba ko ranar da ya karye.

Alhaji Kashim yana nan zaune, ya ƙaryata ni in na yi ƙari. Ya tambayi Sama'ilu wane ne ya yi masa wannan aiki, ya tambaya har sau uku. Amsar Sama'ilu ɗaya ce: "Alhaji, ni na ci da hannuna."

Magana ta uku, kuma ita ce ta kawo ni.

Ni na kasa riƙe abin, na gaya wa Aina'u. Sai ta sa na yi mata alkawarin Inna ba za ta taɓa ji ba, domin ta san halin mahaifiyarmu: in ta gane cewa alherinta ne ya raba surukinta da kofi, ba za ta ƙara haɗa ido da shi ba har abada. Da ta yi arba'in ta koma ɗakinta, kwano bai fasa zuwa ba. Sai ta mayar da shi a cike, ta ce in gaya wa Inna abin da take dafa wa mijinta ya ishe shi. Ku duba nauyin wannan magana daga 'ya zuwa uwa. Inna ta yi fushi, kwano ya tsaya, Sama'ilu ya koma kan lomarsa uku da dafaffen zogale da shayi ba sukari, cikin wata biyu ya dawo kamar sillen kara.

Sai garin nan ya yi lissafinsa. A hannun uwa ya yi kumatu, a hannun 'ya ya zube, to laifin wa? Aka yanke hukunci ba tare da an kira wadda ake ƙara ba. Sama'ilu ya yi ta bayanin sikeli a majalisa, maza suka ce rufin asiri yake wa matarsa, suka ma yaba masa da haƙuri. Duk kofin da ya ci, sai a ce kai, da yana samun abinci fa? A gidan biki, Aina'u ba a taɓa ba ta tukunya ba, wanke-wanke ake tura ta. Matar da ta koyi girki a hannun Inna Amsa, matar da in ta soya albasa mai wucewa yake rage tafiya, ita ce ta shekara ashirin da biyu tana wanke kwanukan waɗanda ba su kama ƙafarta ba. Na ga wasu a ƙarƙashin rumfa suna gyara mayafi. Ba zan kira suna ba, ai duk tare muka yi dariyar, har da ni da na san gaskiya.

Kuma ba na waje kaɗai ba. Duk Sallah in ta je gaisuwa, sai Inna ta yi mata faɗa a kan ta ji tsoron Allah ta riƙa ciyar da mijinta. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce to. Kalma ɗaya za ta wanke ta, ta ƙi furtawa. Ita take auna masa abinci da idon likita, ita take dafa mai daɗi ta ba yara ta zauna ta ci irin nasa don kada ya ci shi kaɗai. Saboda haka nake cewa, kofunan nan goma sha bakwai mutum biyu ne suka ci su, ɗaya a kan sirdi, ɗaya a gindin murhu.

Shekaranjiya na karya alkawarin da na yi mata. Na nemi izinin Sama'ilu, ban nemi nata ba, hukuncina yana jirana a gida. Na je na zauna gaban Inna na gaya mata komai, tun daga sinasir har zuwa sikeli. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ba ni saƙo, ta ce ba a ɗaki za a faɗe shi ba, tun da ba a ɗaki aka ɓata sunan ba.

Kun san Aina'u 'yar fari ce. Tun da aka haife ta, ban san wanda ya taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". To ga saƙon kamar yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce: "Ka tsaya gaban mutane ka ce ni Amsa na yi kuskure. Ka ce Aina'u ta fi ni sanin yadda ake riƙon miji. Ka ce Aina'u ta yafe mini." Sau biyu ta kira sunan, kuma ba ta yi ƙasa da murya ba.

Yaya, ga ki can kin rufe fuska. Ba sai kin ce komai ba, saƙo ya iso.

Ya Allah, ka saka wa Aina'u da mafificin alheri, ka ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ya Allah, ka ba Sama'ilu hutu mai albarka, ka warkar masa da tsofaffin karayarsa. Ka tsare mahayan da ke tasowa, ka tsare dawakinsu, ka sa albarka a amfanin gonar da muka tara bana. Ka yafe mana abin da bakunanmu suka faɗa a kan wanda ba mu san sirrinsa ba. Ka mai da kowa gidansa lafiya, na kusa da na nesa.

Da kuka saurare ni har ƙarshe, na gode.