Filogin da Ban-yarda-ba ke zarewa

Da sunan Allah mai rahama. Malam liman, shugaban ƙungiyarmu ta masu sayar da taya, dattawan layi, Hajiya matar marigayi, babban ɗan marigayi da ƙannenka, da ku baƙi masu kwat da kuka cika kujerun gaba, assalamu alaikum.

An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa da shi. Haka ne. Tare muka fara faci a bakin titi, famfo ɗaya, baho ɗaya. Ni sakandare ma da ƙyar na ƙarasa, amma yau shagunanmu uku da sito, kuma ba wanda zai ce shi ya ɗora mu.

Ya kasance mai amana. Ya kasance mai hidimar jama'a. Shi ya tsaya tsayin daka har aka jawo wa layinmu wuta. Ya kasance kuma ba ya yarda da tiyub sai ya tsoma shi a ruwa ya ga ba ya kumfa. Shi ya sa muke ce masa Ban-yarda-ba.

Da kwamfuta ta shigo mana, rasit yana cikinta, kayan sito suna ciki, sunayen kwastomomi suna ciki, muka ga aikin ya fi ƙarfinmu, sai an ba wani kamfani ya riƙa kula da ita. Na ce, "Yaya, mu ɗauki masu babban ofis mu huta." Ya ce, "Kai dai warin roba ya taɓa maka kai. Wanda ka ba lambobin sirrin nan, makullin sito ka ba shi. Bari in tsoma su a ruwa."

Sai ya zagaya bayan kabad, ya zare filogin babbar na'ura, ya buga wa kamfanonin waya yana ihu, "Komai ya tsaya!" Kamfanin farko suka ce ana duba kokenmu. Har yau ana dubawa. Na biyu suka zo da jakunkuna, suka yi ta ƙus-ƙus, suka ce na'ura ta ƙone, sai sabuwa. Ya ce, "Allah sarki!" Ya sunkuya a gabansu ya mayar da filogi.

Ajali ya riske shi bai zaɓi kowa ba, ni ne shaida. Amma tun ba a naɗe tabarmin gaisuwa ba nake ganin baƙin motoci a ƙofar gida. Ɗana, kai babban ɗan Yaya, na ji ana ce maka, "Ai mun gama magana da Baba." Wace magana? A gaban wa? Hajiya, kada ki bari a ja shi gefe da daɗin baki ya sa hannu. Abincin gidaje da yawa yana cikin na'urar nan.

Yau da safe, kafin in taho, na zagaya bayan kabad ɗin, na zare filogin. Na kira mutum huɗu da ke neman aikin yanzu. Uku ga ku nan, kun kashe waya don girmama mamaci, mun gode. Na huɗun ya ce, "Alhaji, ka isar mini da gaisuwa wurin Hajiya, bari in fara biyawa ta shagon."

Shi ma ban ce na yarda da shi ba. Sai na koma na ji abin da zai ce ya lalace. Ɗana, kujerar taka ce yanzu. Ni dai na tsoma maka, ka ga masu kumfa.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa, ya tsare abin da ya bari. Amin.