Wayar da Na Yanke a Motar Malam Sale

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetona. Sunana Bitrus, makaniken manyan motoci ne ni a nan Dutse.

An san ni da buɗe famfon gas. In na taɓa tirela, sai ta ƙara ƙarfi da gudu, direbobi suna ta yabona. Da aka fara shigo da motoci masu jar fitila da ke nuna lambar matsala, ban koyi karatun lambobin ba. Girman kai ya hana ni tambaya. Fitila ta kama, sai in yanke wayarta in ce na gyara.

Malam Sale, wani dattijon direba daga Kiyawa, ya kawo mini motarsa ranar wata Talata. Ya ce, "Bitrus, fitilar nan ta hana ni sakat." Na ce, "Baba, ba komai ba ne." Na yanke wayar. Ashe iskar burki ce ke zuba.

Bayan kwana uku motar ta kife da lodin gero. Ya rayu, amma an yanke masa ƙafar dama.

Ba wanda ya san ni ne. Na faɗa shan burkutu, da shari'ar Musulunci ta zo ta hana giya, sai na koma sha a ɓoye. Shekara biyu ban taka coci ba. Na rame, ko sifana ba na iya riƙewa.

Wata safiya matata Saratu ta kama hannuwana ta ce, "Baban Rahila, me kake ɗauke da shi?" Na fashe da kuka na faɗa mata. Ba ta zage ni ba. Muka durƙusa a kan tabarma, ta ce, "Ya Yesu, ka ba mijina ƙarfin faɗar gaskiya." Wayyo, 'yan'uwa! Ranar na ji ƙirjina ya saki.

Washegari muka hau mota zuwa Kiyawa. Na same shi a zaure, sandarsa a gefe. Na tsuguna na faɗa masa komai, ina jiran duk abin da zai yi mini.

Can ya ce, "Na yi zargi tun ina asibiti. Na so in ji daga bakinka ne." Ya dafa kaina. "Na yafe maka duniya da lahira. Amma ka je ka koyi aikinka, akwai 'ya'yan mutane a kan hanya." Ya sa aka dama mana fura.

Na je Kano na zauna wata huɗu a ƙarƙashin wanda na girme shi, na koyi lambobin nan. Burkutu kuwa, tun ranar ban ƙara kai ta baki ba. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji. Kai da ke zaune nan da abin da ka ɓoye, ka dogara ga Yesu, ka tashi ka je ka faɗa. Zai raka ka har ƙofar gidan. Amin.