Baƙon Tsakar Rana a Bakin Tafki

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Bulus, daga wani ƙauye kusa da Tudun Wada. Wasunku sun san ni da farar riga da tire a hannu. Yau za ku ji abin da ya raba ni da su.

Lokacin da ake gina madatsar Tiga, na sami aiki a wani otal a bakin tafkin Bagauda, sashen giya. Turawa masu aikin ruwa nan suke zuwa hutawa. Ɗayansu ya koya mini haɗa farar giyar nan da suke kira jin da ruwan garehul, ƙaton lemon nan mai ɗaci-ɗaci. A shafa gishiri a bakin kofi, a jefa ƙanƙara, shi ke nan. Ni kuwa da rawar kai, sai na fara ƙirƙiro nawa: garehul da zuma da citta, garehul da zoɓo da kanumfari. Turawa suka yi ta yabo, kaina ya kumbura.

Da na je gida, Inna ta tambaye ni irin aikin da nake yi. Na ce, "Jin nake zubawa a kofi, in miƙa wa baƙi."

Ta ajiye muciya. "Jinnu? Kai Bulus! Abin da ubanka ya tuba ya bari, shi ka je kana yi wa bauta?"

Na yi dariya har da hawaye, na ce sunan giyar Turawa ne kawai. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka yi ta kiransa kullum. Wata rana zai amsa."

A bayan otal akwai wata tsohuwar tsamiya da ruwa ya ci rabinta. Masunta ba sa ɗaure jirgi a jikinta. Ni na shiga na tsinko 'ya'yanta, na jiƙa, na haɗa da garehul da zuma da jin. Ban taɓa haɗa abu mai daɗin wannan ba.

Washegari da rana tsaka, zaure ba kowa, na ɗaga kai sai ga wani dattijo zaune kusa da taga. Doguwar riga ce a jikinsa, bakinta na ɗigar ruwa. Ban ji shigowarsa ba.

Ya ce, "Yaro, kawo mini irin na jiya."

'Yan'uwa, ban ba kowa na jiya ba! Ni kaɗai na ɗanɗana shi.

Na haɗa na kai masa. Ya shinshina, ya turo mini kofin. "Na ɗauki rabona. Shanye naka." Na shanye. Ba zaƙi ko kaɗan, alhali ni na zuba zumar da hannuna.

Kullum haka. Na tambayi mai shara, ya ce shi bai ga kowa ba, sai dai ruwan da yake gogewa a ƙarƙashin kujerar nan, yana ta zagin rufi wai yana yoyo. Yoyo da rani! Tun daga nan komai na sa a baki ɗaci ne, tuwo ɗaci, rake ɗaci. Na koma shan jin zalla don in kashe ɗacin. Na rame, matata Rifkatu kullum cikin kuka. Tsoro nake ji ƙwarai, amma rana na take tsaka sai in ga hannuna yana yanka garehul.

Wata rana dattijon bai zauna ba. Ya ce, "Yau gida za ka kawo mini."

Iyakar abin da na sani ke nan. Sai ji na yi an finciko wuyan rigata. Ina cikin tafki, ruwa har haɓa, tire a bisa kaina, kofi bai zube ba. Malam Sule ne, wani masunci da ruwan Tiga ya tashi garinsu, yana ta salati.

"Bawan Allah, wa kake kai wa? Ba kowa a nan sai tsamiya!"

Allah ya saka masa, shi ya kai ni gida. Inna da Rifkatu suka ja ni zuwa majami'a, mai bishara da matan zumunta suka kewaye ni da addu'a. Ni kuwa harshena ya yi nauyi. Mai bishara ya dafa kaina ya ce, "Bulus, ka daɗe kana kiran wani suna. Yau kira na Mai Cetonka."

Da ƙyar na ce, "Yesu!" Sai amai, koren ruwa mai warin laka. Da na natsa Rifkatu ta ba ni kunu, na ji zaƙinsa a harshena, na fashe da kuka. Halleluya! Ban sake taɓa kwalba ba. Na bar aikin, na koma noman dawa.

Na gode wa Ubangiji da ya fisshe ni. Ku dogara gare shi, babu ikon da ya fi nasa. Amma ban gama ba. Ran kasuwar da ta wuce na gamu da Iliya, wanda ya gaje ni a aikin. Ya rame. Ya ja ni gefe ya ce, "Bulus, wane ne dattijon nan na kusa da taga? Kullum sai ya tambaye ka."

Gobe zan je in ɗauko Iliya kafin rana ta take tsaka. Wa zai raka ni?