Tsohon Direban 'Yan Sanda

A ɗakin jiran likitan ido, talabijin na nuna wasan 'yan sanda. Wani dattijo yana kallo, ya damƙe makullin mota kamar za a ƙwace.

Saurayin da ke gefensa ya ce, "Shugabansu akwai ɗaure fuska, yarinyar nan kuma ƙofa ba ta yi mata gardama. Amma tsohon direban nan, ai gara ya koma gida."

"Wa ke kai su wurin ɓarayin? Mai ɗaure fuskar ko juya mota bai iya ba."

"Baba, makon jiya fa ya bugi turken lantarki."

"Turken ne aka kafa a kan hanya. Mutum ya ɗan gogi turke, sai 'ya'yansa su taru, wai a gwada idonsa, wai ya kawo makulli."

"Ai ba shi da 'ya'ya a wasan."

"Ya huta."

Aka kira dattijo. Ya cusa makullin can ƙasan aljihu, ya nufi ƙofa yana taku ɗai-ɗai.

"Baba, wannan banɗaki ne."

"Na gani, ɗana. Ɗan sandan kirki sai ya fara duba ko'ina."